Tsaunin da Ya Zama Tsibiri: Darasi Daga Gandun Dajin Kilimanjaro

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa ganin hoton dutsen Kilimanjaro a littafin labarin ƙasa, abin da ya fara ɗaukar idonsa shi ne farar ƙanƙarar da ke kwance bisa ƙololuwarsa. Wannan dutse yana arewa maso gabashin Tanzaniya, dab da iyakarta da Kenya, tsayinsa kuwa mita 5,895 ne daga doron teku, watau babu dutsen da ya kai shi a nahiyar Afirka baki ɗaya. An daɗe ana maganar ƙanƙarar nan, domin awon da masana suka yi ya nuna cewa daga 1912 zuwa 2007 ta ragu da kimanin kashi 85 cikin 100. Sai dai akwai wani canjin da ya fi wannan taɓa rayuwar dabbobi da tsirrai da mutanen wurin, kuma a gindin dutsen yake faruwa, inda masu ɗaukar hoto ba su cika waiwaya ba. Dajin da a da ya kewaye dutsen, ya sada shi da sauran dazuzzuka, yanzu ya koma gonaki da garuruwa da hanyoyin mota. Gandun da ke sama yana nan, hukuma na tsaronsa, amma ya wayi gari shi kaɗai kamar tsibiri a tsakiyar kogi.

Wannan darasi zai bayyana yadda haka ta faru, da dalilin da ya sa masana ke ɗaukar abin da zafi. Zai nuna cewa tsare kan dutse kaɗai ba ya wadatarwa matuƙar an yanke hanyoyin da ke haɗa shi da dajin ƙasa. Daga ƙarshe za a dawo gida Nijeriya a dubi gandun Gashaka-Gumti, wanda shi ma gandun tsaunuka ne.

Hawa-hawan dutse

Sanin kowa ne cewa tudu ya fi kwari sanyi. Wanda ya tashi daga Kano ya nufi Jos yakan ji haka a jikinsa tun bai sauka daga mota ba. Masana sun auna sun ga cewa duk hawan mita 1,000, zafin iska yakan ragu da wajen digiri 6 na ma'aunin Salshiyos. Yawan ruwan sama shi ma yakan canja da tsayi. Saboda haka babban dutse yakan kasu hawa-hawa, kamar gidan sama, kowane hawa da irin tsirransa da dabbobinsa.

Kilimanjaro yana da irin waɗannan hawa guda biyar manya. A gindi akwai busasshen fili mai ciyawa da itatuwan ƙaya jefi-jefi. Daga wajen mita 1,000 zuwa 1,800 akwai ƙasa mai albarka da danshi, inda gonakin ayaba da kofi suke. Daga nan sai kurmi mai duhu, wanda ya naɗe dutsen kamar ɗamara har zuwa wajen mita 3,000. A gefen kudu ruwan da ke sauka a wannan kurmi yakan kai milimita 3,000 a shekara. Sama da kurmi akwai filin gajerun itatuwa da ciyawa mai jure sanyi, sa'an nan hamadar duwatsu da ƙanƙara.

Abin lura a nan shi ne, mazauna wannan gidan sama ba a hawa ɗaya suke ƙare rayuwarsu ba. Giwaye da ɓauna sukan haura daga fili zuwa kurmi neman ruwa da ɗanyen ganye idan rani ya tsananta, su sauko idan damina ta faɗi. Wasu tsuntsayen kurmi sukan gangaro ƙasa a lokacin sanyi, su koma sama lokacin yin sheƙa. Ƙoramu kuwa daga kurmi suke ɓuɓɓugowa su gangara fili. Rayuwar dutse, ashe, hawa da sauka ce.

Inda aka ja iyaka

Gandun daji na ƙasa wani yanki ne da gwamnati ta keɓe da doka, ta hana noma da farauta da saran itace a cikinsa, domin a bar halittun wurin su ci gaba da zama yadda suke. A 1921, zamanin mulkin Ingila, aka sa kurmin Kilimanjaro cikin jerin dazuzzukan gwamnati. A 1973 aka kafa gandun ƙasa, aka buɗe shi ga baƙi a 1977, kuma a 1987 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya. Amma gandun na farko, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 750, ɓangaren da ke sama da kurmi kawai ya ƙunsa, tare da wasu 'yan zirare da suka ratsa kurmin. Sai a 2005 aka shigar da kurmin gaba ɗaya, faɗin gandun ya kai kusan murabba'in kilomita 1,700.

Ko bayan wannan ƙari, hawa biyu na ƙasa suna wajen iyaka. Haka abin yake ga yawancin gandayen tsaunuka a duniya, dalili kuwa a fili yake. Ba mai jayayya da hukuma a kan dutse da sanyi, domin ba a noma su. Ƙasar gindi mai ruwa da albarka kuwa tana da masu ita tun kaka da kakanni. Sai ya zamana an tsare wurin da ya fi ƙarancin halittu, an bar wurin da ya fi yawansu a hannun garma da gatari.

Yadda ƙasar gindi ta canja

Mutanen Cagga sun yi ɗaruruwan shekaru suna zaune a gangaren kudu da na gabas. Suna da wata irin gona ta gado da suke kira kihamba, wadda ake shuka ta hawa-hawa: manyan itatuwa a sama suna ba da inuwa, ayaba a ƙarƙashinsu, sa'an nan kofi, can ƙasa kuma gwaza da wake da ganyayen miya. Sun haƙa magudanai suna janyo ruwa daga kurmi zuwa gidajensu. Irin wannan gona kusan kurmi ce, tsuntsaye da ƙwari da tsirran daji da yawa suna samun mafaka a cikinta. A 2011 hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da ita a matsayin gadon noma mai daraja ga duniya.

Abubuwa uku ne suka sauya fuskar ƙasar. Na farko shi ne manyan gonakin zamanin mulkin mallaka. Jamusawa, daga baya kuma Ingilishi, sun karɓe filaye masu faɗi suka shuka kofi da wata shuka da ake tufka igiya da zarenta. A yammacin dutsen aka buɗe gonakin alkama, a kudu da garin Moshi aka shuka rake, a yamma da arewa kuma aka share wani sashe na kurmi aka dasa baƙin itatuwan katako sahu-sahu. Na biyu shi ne ƙaruwar jama'a. Ƙidayar 2022 ta samu mutum fiye da miliyan 1.8 a lardin Kilimanjaro. Uba ya raba gonarsa ga 'ya'ya, su ma su raba ga nasu, har ta kai wadda ba ta ciyar da gida. Dole matasa suka gangara fili suka share daji suka shuka masara da wake. Na uku shi ne canjin salon noma, domin da aka kawo irin kofi mai jure rana, manoma da yawa sun sare itatuwan inuwa.

Wani bincike da aka wallafa a 2025, wanda ya gwada tsofaffin taswirori da hotunan tauraron ɗan'adam da ƙidayar tsirrai, ya nuna girman abin. Yawan jama'a a gindin dutsen ya tashi daga kimanin mutum 30 zuwa kimanin 430 a kowane murabba'in kilomita cikin shekara ɗari da 'yan kai. Tsakanin 1911 da 2022 kuma, ire-iren tsirran asali da ake samu a kowane murabba'in kilomita na gindin dutsen sun ragu da kashi 75 cikin 100. Masu binciken sun ɗora babban alhakin wannan asara a kan canjin yadda ake amfani da ƙasa, fiye da canjin yanayi.

Ba daidai ba ne a ɗauki manomin nan a matsayin mai laifi. Abinci yake nema wa iyalinsa a ƙasar kakanninsa. Amma gona ɗaya nan, ɗaya can, idan aka tara su cikin shekara ɗari, sai su zama katanga.

Mece ce daddatsewar daji?

Akwai bambanci tsakanin raguwar daji da daddatsewarsa. Raguwa ita ce faɗinsa ya ragu. Daddatsewa kuwa ita ce a yanyanka shi gunduwa-gunduwa, gonaki ko hanya ko gari su shiga tsakani. Galibi tare suke tafiya, amma kowace da irin ɓarnarta. Ɗan lissafi zai fito da abin fili.

A ɗauka akwai kurmi mai kusurwa huɗu, kowane gefe mita 1,000. Faɗinsa hekta 100 ke nan. Bakin kurmi ba ɗaya yake da ƙuryarsa ba: rana da busasshiyar iska da wuta da shanu da mafarauta duk ta baki suke shiga. A ce tasirinsu yana kutsawa mita 100 daga kowane gefe. Ƙuryar da ta tsira ita ce mita 800 sau 800, watau hekta 64. To, sai a yanka hanyoyi biyu masu faɗin mita 10, su gitta juna a tsakiya. Ƙasar da hanyoyin suka ci ba ta wuce hekta 2 ba. Amma yanzu kurmin ya zama gunduwa huɗu, kowace mita 495 sau 495, kowace kuma da sabon bakinta. Ƙuryar kowace gunduwa mita 295 ce sau 295, watau hekta 8.7; a tara huɗun a samu kusan hekta 35. An sare hekta 2, an yi asarar ƙurya hekta 29. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wannan mita 100 ba ƙiyasin banza ba ne. Tun 1979 masana ke bin diddigin wasu gunduwoyin kurmi da aka bari a tsakiyar makiyaya kusa da birnin Manaus na Brazil. Sun ga cewa zafi da bushewa sun fi tsanani cikin mita 100 na farko, iska kuwa takan kayar da manyan itatuwa har mita 300 daga baki. Wani nazari na 2015 ya gano cewa kashi 70 cikin 100 na kurmin da ya rage a duniya bai fi kilomita 1 daga baki ba.

Illolin zama tsibiri

A 1967 wasu masana biyu na Amurka, Robert MacArthur da Edward Wilson, suka bayyana wata ƙa'ida game da tsibiran teku. Ƙaramin tsibiri yana ɗauke da ire-iren halittu kaɗan, babba yana ɗauke da masu yawa; na kusa da gaɓa kuma ya fi na nesa, domin idan wani iri ya ƙare a cikinsa, wasu sukan ƙetaro su maye gurbi. A bisa ƙiyasi, idan faɗin wuri ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin goma, daɗe ko ba daɗe rabin ire-iren da ke cikinsa za su ɓace. Gandun da gonaki suka yi wa ƙawanya wannan ƙa'ida yake bi. Masanin dabbobi William Newmark ya nazarci gandayen arewacin Tanzaniya, ya nuna a 1996 cewa ƙananan gandaye sun fi manya saurin rasa ire-iren manyan dabbobinsu.

Hanyoyin da asarar ke biyowa huɗu ne.

Ta farko, ƙarancin adadi. Garke mai dabba dubu yana iya jure annoba ko fari ko gobara, wasu su mutu wasu su rage. Garke mai dabba ashirin kuwa masifa ɗaya ta ishe shi. Kurmin Kilimanjaro na ɗaya daga cikin 'yan wuraren da ake samun wata irin babbar gada wadda babu ita a ko'ina sai tsaunukan Tanzaniya. Idan ta ƙare a nan, babu ta inda wata za ta biyo ta maye gurbinta.

Ta biyu, raunin iri. Kowane makiyayi ya san dalilin da ya sa ake nemo bijimi daga wani garke. Idan barbara ta daɗe tana gudana tsakanin dabbobi masu jini ɗaya, cututtukan gado sukan bayyana, haihuwa ta ragu, 'ya'ya su zo da rauni. A daji, matasan maza ne ke barin garkensu su tafi wani, su kai sabon jini. Zumunta a ƙafa take, in ji Bahaushe. Idan an toshe hanya, zumuntar garke da garke ta yanke.

Ta uku, toshewar hanyar hawa da sauka. Giwa ba ta mance hanyar da uwarta ta bi da ita. Idan ta tarar an shuka masara a kan hanyar, ta ciki za ta ratsa, a dare ɗaya ta cinye abin da manomi ya yi damina yana wahala a kai. Daga nan sai gaba ta shiga tsakanin mutum da dabba, a rasa amfanin gona, a rasa giwa, wani lokaci har a rasa rai. Bugu da ƙari, da yake duniya na ƙara ɗumi, tsirrai da dabbobi sukan matsa sama neman sanyin da suka saba. Dutse kuwa tsukewa yake yi yayin da ake hawa, kuma yana da ƙarshe.

Ta huɗu, ruwa. Mutane da yawa suna zaton ƙanƙarar ƙololuwa ce ke shayar da ƙoramun Kilimanjaro, alhali kuwa abin da take bayarwa ƙalilan ne. Kurmi ne uwar ruwan. Ganyensa da gansakukar da ke jikin rassansa suna tace ɗigon ruwa daga hazo da gajimare, ruɓaɓɓen ganyen da ke ƙasa ya tsotse shi kamar soso, ya riƙa sakinsa a hankali har cikin rani. Wannan ruwa ne ke malala zuwa kogin Pangani, wanda ake ban-ruwa da samar da lantarki da shi. Kurmin kuwa daga gefe biyu ake cinsa: gatari daga ƙasa, wuta daga sama. An ƙiyasta cewa cikin kimanin shekara 30 daga 1976, gobara ta cinye kusan murabba'in kilomita 150 na kurmin can sama. A watan Oktoba na 2020 wata gobarar ta ƙone kimanin murabba'in kilomita 95 na gandun.

Wani abin da ke ruɗin mutane shi ne, waɗannan illoli ba sa bayyana nan take. Itace mai shekara 200 yana iya tsayawa kore shar bayan tsuntsun da ke yaɗa 'ya'yansa ya daɗe da ɓacewa. Mai kallo ya ga kurmi lafiya lau, alhali babu 'ya'yan da za su gaje shi.

Shaidar fara

Kimanin kilomita 70 yamma da Kilimanjaro akwai dutsen Meru, mai tsayin fiye da mita 4,500, wanda ke cikin gandun Arusha. Ta yaya za a san ko kurmin duwatsun biyu ya taɓa haɗuwa? Wasu masana biyu na jami'ar Bayreuth ta Jamus, Andreas Hemp da Claudia Hemp, sun nemi amsa wajen fara. Akwai ire-iren fara da ba sa rayuwa sai a inuwar kurmi, da yawansu kuma ba su iya tashi. Irin wannan fara ba za ta ƙetare buɗaɗɗen fili mai rana ba. Da aka samu ire-ire iri ɗaya a kurmin gindin duwatsun biyu, sai ya tabbata cewa akwai lokacin da kurmi ya shimfiɗu daga wannan dutse zuwa wancan, farar ta bi ta cikinsa da ƙafa.

Masanan sun kuma gwada hotunan tauraron ɗan'adam na 1976 da na 2000. A cikin shekarun nan 24, yawancin dajin da ya saura tsakanin duwatsun ya koma gonaki da matsugunai. A 2018 suka wallafa sakamakon, suka yi gargaɗin cewa Kilimanjaro na dab da yankewa daga duk wani daji da ke kewaye da shi.

Burtalin Kitendeni

Duk ɗan ƙauye a ƙasar Hausa ya san burtali, watau hanyar da ake bari tsakanin gonaki domin shanu su wuce zuwa makiyaya da mashaya. Ya kuma san abin da ke biyo baya idan an nome burtali. Namun daji su ma suna da nasu. A arewa maso yammacin Kilimanjaro, a ƙasar makiyayan Masai, akwai wani zirin daji da ake kira Kitendeni. Ta nan giwaye ke bi tsakanin kurmin dutsen da gandun Amboseli na Kenya, kuma shi ne babbar ƙofar da ta rage. Wani bincike ya nuna cewa faɗinsa ya ragu daga murabba'in kilomita 21 a 1952 zuwa 5 a 2001, saboda gonaki da gidaje sun matso shi daga gefe biyu.

A farkon shekarun 2000 aka shata iyakar abin da ya rage, aka kafa alamu, tare da yardar ƙauyukan da ke maƙwabtaka da shi. An bar kiwo da ɗiban itacen wuta, an hana noma da gini, domin saniya da giwa suna iya bin hanya ɗaya, amma masara da giwa ba sa haɗa wuri. Daga baya zirin ya shiga cikin yankin Enduimet, inda ƙauyuka ke kula da namun daji da kansu suna samun rabo daga kuɗin baƙi masu yawon buɗe ido. A 2018 Tanzaniya ta fitar da ƙa'idoji na musamman domin kare irin waɗannan burtalai a ƙasar baki ɗaya.

A gefen kudu an ga akasin haka. Tun 1941 aka ware wa mutanen Cagga wani ziri mai faɗin rabin mil a bakin kurmi, inda suke yankan ciyawar dabbobi da ɗiban itace. Da aka haɗe shi cikin gandu a 2005, aka taƙaita shiga, wahalar ta fi faɗawa kan mata, waɗanda su ne masu wannan aiki, kuma zumunci tsakanin ƙauyuka da masu gadin gandu ya yi tsami. Darasin a bayyane yake: maƙwabcin da ya ga amfanin daji shi ne mai gadinsa na farko.

Gashaka-Gumti

Idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Nijeriya ma tana da gandun tsaunuka, shi ne Gashaka-Gumti, wanda ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa a kan iyakar Kamaru. An kafa shi a 1991 ta hanyar haɗe gandayen namun daji na Gashaka da Gumti. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, shi ne mafi girma a ƙasar, kuma a cikinsa ne dutsen Chappal Waddi yake, mai tsayin mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya. Ƙoramunsa suna zuba cikin kogin Taraba, shi kuma ya zuba cikin Binuwai. Kurminsa na ɗaya daga cikin manyan mafakar birin nan mai kama da mutum da ake kira cimfanzi, irin da ba a samunsa sai a Nijeriya da Kamaru.

Wannan gandu ya fi Kilimanjaro sa'a ta fuska ɗaya, domin iyakarsa ta haɗa tun daga kwari har ƙololuwa. Amma shi ma yana da nasa tsagin. A kan tsaunukan akwai makiyaya mai sanyi wadda babu ƙudan tsando, kuma doka ta bar wa Fulani makiyaya da manoma wasu keɓaɓɓun yankuna a cikin gandun. Kurmin tuddai a nan dama gunduwa-gunduwa yake, yana bin kwazazzabai da bakin rafuka. Wutar da ake sa wa ciyawa kowane rani domin sabon tsiro takan lashi bakinsa, shanu kuma su tattake 'yan itatuwan da ke tasowa. A shekarun 2010 kuma aka yi rububin saran madobiya a jihar Taraba ana fitar da ita zuwa Sin, har aka sa itacen cikin jerin waɗanda ake sa wa cinikinsu ido a duniya a 2017. Kowace hanya da motar katako ta buɗe, sabon baki ne ga daji.

Wanda ke son ganin ƙarshen irin wannan tafiya, sai ya dubi kurmin Ngel Nyaki a tsaunin Mambila, wajen gandun. 'Yan murabba'in kilomita ne kawai suka rage a tsakiyar makiyaya, da 'yan cimfanzi ƙalilan a ciki. Masana da ɗaliban jami'a da ke aiki a wurin tare da mutanen ƙauye sun killace wasu filaye a bakin kurmin, suka hana wuta da shanu shiga, suka dasa itatuwan asali, kuma itatuwa sun soma dawowa.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a iya tsamo matakai huɗu. A gano burtalan namun daji a shata su tun ba a nome su ba, domin karɓe gona daga hannun mai ita ya fi barin daji wuya nesa ba kusa ba. A bar itatuwa a bakin rafuka da cikin gonaki, su zama matakala ga tsuntsaye da ƙananan dabbobi. A tsara lokacin sa wuta, a share layin kariya a bakin kurmi. Sa'an nan a tabbata maƙwabtan gandu suna da murya a shawara da rabo a amfani, a kuma taimaka musu da dabarun kare gona kamar shingen barkono da na amya, waɗanda giwa ke gudu.

Layin da aka ja a taswira yana iya hana gatari shiga gandu, amma ba ya kawo wa gandun sabon jini, ba ya kuma buɗe wa giwa hanyar mashaya. Lafiyar kan dutse tana rataye da abin da ake yi a gindinsa.

Tambayoyi da aikin aji

1. A bayyana bambancin raguwar daji da daddatsewarsa, tare da misali ɗaya ga kowace.
2. Me ya sa aka zaɓi fara marar tashi domin gano tsohuwar mahaɗar Meru da Kilimanjaro? Me ya sa tsuntsu ba zai ba da irin wannan shaida ba?
3. A sake lissafin ƙurya da kurmi mai gefe mita 2,000, baki mita 100, da hanyoyi biyu masu faɗin mita 10. Kashi nawa cikin 100 na ƙuryar ya salwanta? A gwada da na kurmi mai gefe mita 1,000, a faɗi wanda ya fi cutuwa.
4. Malami ya kai ɗalibai wani kurmi ko lambu mai itatuwa kusa da makaranta da tsakar rana. A auna zafin iska da ma'auni a fili, da baki, da ƙurya, a taɓa ƙasa a ji danshinta, a rubuta abin da aka samu.
5. Ɗalibai su tambayi dattawan garinsu inda daji da burtali suke a zamanin ƙuruciyarsu, da namun dajin da suka gani da idonsu. A zana taswira biyu, ta da da ta yanzu, a liƙa su gefe da gefe a bangon aji.